Alƙalancin Gasar Waƙa Ƙwar Biyar a Makarantun Pataskum: Nazarin Ma'aunan Yanke Hukunci

1.0 Gabatarwa

Gasar rubuta waƙa tana daga cikin hanyoyin da malaman Hausa kan bi domin cusa wa ɗalibai sha'awar adabi, musamman a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai. Abin da aka saba shi ne a ba da jigo, a ƙayyade yawan baitoci, sannan a gindaya sharaɗin cewa waƙar ta kasance ƙwar biyar mai amsa-amo. Shirya gasar ba ya da wuya. Wuyar aikin tana wajen alƙalanci, domin hukuncin da alƙalai suka yanke shi ne darasin da ɗalibi zai tafi da shi game da abin da ake kira waƙa mai kyau. Tarihi ma ya nuna nauyin wannan hukunci. Gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, ƙarƙashin Rupert East, ita ta fito da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, waɗanda suka daɗe a cikin manhajar makarantu. Ke nan, abin da alƙali ya zaɓa yau yana iya zama abin koyarwa gobe.

Wannan muƙala za ta duba ma'aunan da ake ɗora hukunci a kansu a gasar waƙa ƙwar biyar, ta nuna inda suke da rauni, sannan ta kawo shawarwari ga malamai da masu tsara manhaja. An zaɓi garin Pataskum na Jihar Yobe, wanda ake rubutawa Potiskum a takardun hukuma, saboda dalilai biyu. Na farko, gari ne da Hausa take zaman harshen kasuwa da makaranta ga Ngizimawa da Karekare da Bolewa da Fulani da Barebari, don haka matsalar karin harshe takan fito fili a rubutun ɗalibansa. Na biyu, garin yana da alaƙa da nazarin karin waƙar Hausa ta hanyar Farfesa Russell Schuh (1941-2016) na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wanda ya zauna a Pataskum yana nazarin harshen Ngizim, ya wallafa ƙamusunsa a 1981, kuma ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan ma'aunin waƙoƙin Hausa.

2.0 Siffar Waƙa Ƙwar Biyar

Waƙa ƙwar biyar ita ce wadda kowane baitinta ya ƙunshi ɗango biyar. Ɗangwaye huɗu na farko suna ƙarewa da gaɓa iri ɗaya, wato ƙaramin amsa-amo ko amsa-amon ciki, wanda kan sauya daga baiti zuwa baiti. Ɗango na biyar shi ke ɗauke da babban amsa-amo, wanda ba ya sauyawa tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Dukkan ɗangwayen kuma suna tafiya a kan kari ɗaya. Imfiraji ta Aliyu Namangi Zariya ita ce fitaccen misalin wannan tsari a ƙarni na 20.

Ya kamata a bambanta ƙwar biyar da tahamisi, domin masu shirya gasa sukan gwama su. Tahamisi shi ne wani mawaƙi ya ɗauki waƙar waninsa mai ɗango biyu-biyu, ya ƙara ɗango uku a saman kowane baiti, bisa kari ɗaya da na asali, kuma amsa-amonsu ya dace da ƙarshen ɗangon farko na mai waƙar. Haka aka yi wa Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tsara da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Duk tahamisi ƙwar biyar ne a siffa, amma ƙwar biyar ba ta zama tahamisi sai in akwai waƙar da aka gina a kanta. Rashin fayyace wannan a sanarwar gasa yakan jefa ɗalibai cikin ruɗu tun kafin su ɗauki alƙalami.

3.0 Gadon Feɗe Waƙa a Matsayin Takardar Maki

Mafi yawan malaman Hausa sun koyi nazarin waƙa ne ta hanyar da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya tsara, wadda aka sake bugawa a 2007 da sunan Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa. Hanyar ta kasa aikin nazari zuwa share fage da jigo da zubi da tsari da salo da sarrafa harshe. Idan aka gayyaci malami alƙalanci, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya mayar da waɗannan kanun su zama ginshiƙan takardar maki, ya ware wa kowanne kaso, ya tara jimla.

Amfanin wannan hanya a aji ba abin musu ba ne. Sai dai an tsara ta ne domin a feɗe waƙa guda a ga abin da ta ƙunsa. Aikin alƙalin gasa kuwa shi ne ya jera waƙoƙi da yawa ya ce wannan ta fi wannan. Idan aka ɗora aiki na biyu a kan kayan aikin na farko, illa biyu kan faru. Ta farko, alƙali yakan koma ƙirga: kamantawa nawa, mutuntarwa nawa, karin magana nawa. Ɗalibin da ya gane haka sai ya cusa adon harshe a kowane baiti ko da bai dace ba. Ta biyu ita ce ta lissafi. A ɗauka an ware maki 40 ga kari da amsa-amo, 60 ga jigo da salo. Waƙar da ta kiyaye tsari tsaf amma ba ta faɗi komai sabo ba tana iya samun 40 da 32, jimla 72. Wadda ta girgiza mai sauraro amma ta yi tuntuɓe a ɗango biyu tana iya samun 25 da 45, jimla 70. Alƙalai da kansu za su ji a ransu cewa ta biyu ta fi, amma takarda ta riga ta yanke hukunci. A wani zaman kuma akasin haka ke faruwa, inda waƙar da ba ta da kari ko kaɗan za ta tara maki a jigo da salo har ta zo ta ɗaya a gasar da aka ce ta ƙwar biyar ce.

4.0 Wuraren da Hukunci Kan Karkace

4.1 Kari

Karin rubutacciyar waƙar Hausa ya dogara ne a kan nauyin gaɓa. Gaɓa gajera (v) ita ce baƙi da gajeren wasali. Gaɓa doguwa (-) ita ce baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko kuma baƙi da wasali da baƙi. Farfesa M.K.M. Galadanci, a muƙalarsa ta 1975 cikin mujallar Harsunan Nijeriya, ya nuna yadda wannan tsarin gaɓa ya sa arulin Larabci, wanda Halilu ɗan Ahmad ya tsara, ya zauna wa Hausa daidai. Kalmar "Pataskum" tana kan ƙafar fa'uulun (v - -), "kasuwa" tana kan faa'ilun (- v -), "almajirai" kuma tana kan mustaf'ilun (- - v -).

Matsala ta farko ita ce daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna tsawon wasali. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, alhali gaɓar farko gajera ce a na farko, doguwa ce a na biyu. Haka "baƙi" na launi da "baƙi" masu ziyara. Alƙalin da ya tsaya ga ido kawai yakan koma ƙirga yawan gaɓoɓi, wanda ba shi ne ma'aunin ba. A duba waɗannan ɗangwaye uku da aka ƙirƙira domin misali:

(a) Mutanen Pataskum manoman hatsi ne
(b) Mutanen garinmu manoman hatsi ne
(c) Mutanen ƙauyenmu manoman hatsi ne

Kowannensu gaɓa 12 ne. Ɗango (a) cikakken Mutaƙarab ne, fa'uulun sau huɗu. A ɗango (b) ƙafa ta biyu ta koma v - v, wato an gajarta gaɓarta ta ƙarshe, kuma wannan zihafi ne da aruli ya yarda da shi. A ɗango (c) ƙafa ta biyu ta zama - - v, ta fara da doguwar gaɓa a gurbin da gajera ce kawai ke zama, nan kuwa kari ya karye. Mai ƙirga gaɓoɓi zai wuce da dukkan ukun. Wanda ya haddace ƙafafuwa bai san zihafi ba zai kayar da (b) tare da (c). Duka biyun sun yi kuskure, kuma ɗalibi ne zai ɗauki asarar.

Matsala ta biyu ita ce ɗaukar arulin Larabci a matsayin doka wadda ba ta karɓar gyara. Mawaƙan Hausa sun hore wa kansu waɗannan baharai ta hanyoyin da littattafan aruli ba su tanada ba. Binciken da Bruce Hayes da Russell Schuh suka yi a kan Rajaz na Hausa, wanda ya fito a mujallar Language a 2019, ya nuna cewa ƙafar wannan kari tana fitowa da siffofi daban-daban a hannun mawaƙa, kuma masu rerawa sukan ɗora kari ɗaya a kan rauji mabambanta. Abin da wannan ke koya wa alƙali shi ne ya auna waƙar ɗalibi da abin da ƙwararrun mawaƙan Hausa suka aikata, kuma ya saurari waƙar a bakin mai ita kafin ya ce ta karye. Aliyu Namangi makaho ne, da kunne ya auna Imfiraji, da baki kuma ta yaɗu a ƙasar Hausa.

4.2 Amsa-amo

Amsa-amo shi ne abin da ido ya fi saurin gani, saboda haka shi alƙalai suka fi ba muhimmanci. A Hausa ana gina shi ne a kan gaɓar ƙarshe ta ɗango, baƙi da wasalinsa. Tun da kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, samun amsa-amo ba gwaninta ba ce a kanta. Ɗalibi yana iya cika baitoci 20 ta hanyar liƙa "-su" ko "-mu" ko "ne" a ƙarshen kowane ɗango. A takardar maki zai sami cikakken kaso, daidai da wanda ya nemo kalmomi 20 mabambanta masu ƙarewa da "-ya", kowace kuma ta zauna a muhallinta.

Tambayar da ta kamaci alƙali ita ce: kalmar ƙarshen ɗango ma'ana ce ta kawo ta, ko kuwa neman amsa-amo ne? Inda aka juya jimla ta koma baibai, ko aka jawo kalmar Larabci da mawaƙin kansa bai san ma'anarta ba, domin kawai a dace da gaɓa, to rauni ne ko da sautin ya yi daidai. Duk da haka, kada a ɗauki kowane maimaici a matsayin aibi. Baitocin Tabbat Haƙiƙa suna rufewa ne da kalmomin da suka zama sunan waƙar, kuma wannan maimaicin shi ne ƙarfinta. Maimaicin da aka yi da gangan a ɗango na biyar domin jaddada jigo daban yake da wanda ƙarancin kalmomi ya haifar a ɗangwayen ciki.

Akwai kuma amsa-amon karin sauti, wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya jawo hankalin masana gare shi a 1980, inda ƙarshen ɗangwaye kan dace a hawa da saukar murya bayan dacewar gaɓa. Bai kamata a mayar da shi sharaɗi ga ɗaliban sakandare ba, amma alƙalin da ya ji shi a waƙar ɗalibi ya san ya gamu da mai kunnen waƙa.

4.3 Karin Harshe

Nan ne ɗalibin Pataskum ya fi fuskantar rashin adalci. Hausar yankin tana maƙwabtaka da Guddiranci na ƙasar Katagum da kuma Bausanci, ga kuma tasirin harsunan gida. Ana yawan jin "rigan" a maimakon "rigar", ko "ne" a inda Bakano zai ce "ce". Alƙalin da ya zo da ma'aunin insha'i yakan ja wa irin waɗannan jan layi, ya rage maki.

Abin lura shi ne waƙoƙin da muke koyarwa a aji cike suke da karin harshe. Waƙoƙin masu jihadi da Sakkwatanci aka tsara su, kuma shi kansa gadon feɗe waƙa ya sanya karin harshe a ƙarƙashin sarrafa harshe, wato abin nazari. Ba daidai ba ne a yaba Sakkwatanci a waƙar ƙarni na 19 sannan a hukunta Hausar gabas a waƙar ɗalibi. Ta fuskar kari ma, "rigan" da "rigar" nauyinsu ɗaya, babu abin da ya taɓu. Haka kuma Bolanci da Karekare da Ngizim 'yan'uwan Hausa ne a dangin harsunan Cadi, kuma suna bambanta dogon wasali da gajere, don haka kunnen ɗalibin da ya tashi da su a shirye yake ya kama nauyin gaɓa.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da ƙa'idar rubutu. Haɗa kalmomi da raba su, da rubuta ɓ da ɗ da ƙ da lanƙwasarsu, wajibi ne a kan kowa. Abin da ake so shi ne alƙali ya rarrabe tsakanin kuskuren rubutu da furucin yanki. Idan kuma masu gasa suna son daidaitacciyar Hausa zalla, to su faɗa a sanarwa tun farko.

4.4 Jigo da Salo

A gasa jigo ba ya bambanta 'yan takara, domin an riga an ba su shi: zaman lafiya, ilimin 'ya'ya mata, illar shaye-shaye. Kowa zai ce zaman lafiya alheri ne. Ware wa jigo babban kaso tamkar raba wa kowa maki ne kyauta. Abin da ke bambanta su shi ne warwarar jigo, wato yadda baiti ke ɗorawa a kan baiti har a kai ga manufa, da kuma inda mawaƙi ya samo hotunan da yake zanawa. Hanya mai sauƙi ta gwaji ita ce a sauya wa baitocin tsakiya wuri. Idan waƙar ba ta rasa komai ba, to tarin baitoci ne kawai.

Ɗalibin Pataskum yana da abin faɗa a kan zaman lafiya wanda ba daga littafi ya samo ba. Garinsu ya ga harin da aka kai kasuwar shanu a watan Mayu na 2012, da harin bam da aka kai wa ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya da fasaha ta gwamnati ranar 10 ga Nuwamba, 2014. Yana da kasuwar shanu wadda take cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, da manyan motocin dakon kaya da aka san garin da su. Waƙar da ta ɗauko hotonta daga nan ta cancanci a fifita ta a kan wadda ta jero tsofaffin kamance da kowa ya haddace. Game da buɗe waƙa da sunan Allah da salati da rufe ta da addu'a, al'ada ce mai daraja a rubutacciyar waƙar Hausa, sai dai ba ta cikin sharuɗɗan ƙwar biyar. A makarantar da ta haɗa Musulmi da Kirista, bai dace a rage wa wanda bai yi ba maki.

5.0 Shawarwari

(i) A raba alƙalanci zuwa mataki biyu. Mataki na farko tantancewa ne kawai: ɗango biyar, amsa-amon ciki, babban amsa-amo, kari ɗaya. A ƙayyade yawan karayar da za a iya yafewa, a sassauta wa ƙaramar sakandare fiye da babba. Waƙar da ta tsallake ta shiga mataki na biyu, inda za a jera waƙoƙi bisa warwarar jigo da salo da ingancin amsa-amo. Ta haka mara kari ba za ta ci gasa ba, kuma tsabtar tsari kaɗai ba za ta kai waƙa ga kambi ba.

(ii) A raba wa alƙalai aiki. Musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986, ta saba wa jama'armu da tsarin da wani alƙali ke lura da hadda, wani da tajwidi, wani da murya. A gasar waƙa ma a samu wanda aikinsa yanka ɗangwaye ne kawai, kuma aƙalla alƙali ɗaya ya kasance ya san Hausar yankin.

(iii) Kowace waƙa ta zo a rubuce da kuma a rere, ko a gaban alƙalai ko ta naɗar murya a waya. Manufar rerawa ita ce tabbatar da kari. Zaƙin murya kada ya shiga lissafi, domin gasar ta marubuta ce.

(iv) A cire sunan ɗalibi da na makarantarsa daga takarda, a sa lamba. Waɗanda suka kai zagayen ƙarshe a ba su baiti mai ɗango biyu wanda alƙalai suka tsara, su yi masa tahamisi nan take. Wannan zai nuna wanda ya rubuta waƙarsa da kansa da wanda aka rubuta wa.

(v) Kowane ɗan takara a mayar masa da waƙarsa tare da bayanin ɗangon da ya karye da dalilin karyewarsa. Gasar da ta ƙare a kan sanar da na ɗaya da na biyu da na uku ba ta koyar da sauran komai ba.

(vi) Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya da Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa su ƙarfafa aikin yanka ɗango a aikace a cikin manhaja. A fara da rarrabe dogon wasali da gajere ta hanyar sauraro a ƙaramar sakandare, a shiga ƙafafuwa da zihafi a babbar sakandare, sannan ɗalibin kwalejin ilimi ya tsara baitocin kansa a kan kari biyu ko uku kafin ya kammala. Littattafai irin su Ma'aunin Waƙa na Atiku Ahmad Dunfawa da Salo Asirin Waƙa na Abdullahi Bayero Yahya za su taimaka wa malamai a nan.

6.0 Kammalawa

Wannan muƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa raunin alƙalancin gasar waƙa ƙwar biyar yana tasowa ne daga mayar da hanyar nazari ta zama takardar tara maki, da auna kari da ido, da ɗaukar dacewar gaɓar ƙarshe a matsayin gwaninta, da kuma hukunta karin harshen ɗalibi. An kawo shawarar alƙalanci mai mataki biyu, wanda zai kare siffar waƙar ba tare da ya danne fasahar mai ita ba. Tushen gyaran yana cikin aji, domin alƙalan gasa su ne malaman da kwalejojinmu suka yaye. Idan malamin Hausa a Pataskum ko Damaturu ko Gashuwa ya iya yanka ɗango, ya san zihafi daga karaya, to hukuncinsa zai zama abin da ɗalibi zai iya dubawa ya gamsu, ya koma ya gyara baitinsa domin gasa ta gaba.